Saiwar Ya Amsa da Layin Sittin

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki, wadda ta ƙi barin zuciyata ita ce ranar da kwamfuta ta ba saiwar maganin Ya Amsa, mahaifiyar uwar ɗakina, maki hamsin da huɗu, alhali sittin ake nema. Yanzu shekaru sun ja, ina ɗakin mijina a unguwar Yerimaram da yara uku, aikina girki da wanki da kai yara Islamiyya. Amma da ƙawayena da muka koyi kwamfuta tare suka ce kowacce ta rubuto wani abu daga wurin aikinta saboda ƙannenmu masu tasowa, ban yi dogon tunani ba. Wannan ranar ce ta zo ta tsaya mini.

Sunana Adama. Bayan na gama sakandare na shiga wani shagon kwamfuta ina koyon buga rubutu, a nan Anti Falmata ta gan ni. Ita masaniyar haɗa magunguna ce, tana da kemis a unguwar Dogo Nini, kuma a lokacin tana karatun digirin digirgir a wata jami'a mai nisa da mu. Ta ce tana neman yarinya mai haƙuri da ba ta gajiya da zama wuri ɗaya. Da kanta ta je ta sami Babana. Baba ya ce ya amince, in dai za a sallame ni in iso gida kafin magariba.

Wurin aikin wani ɗan ɗaki ne a bayan kemis ɗin. Taga ɗaya, fanka ɗaya, tebur, kwamfuta, batirin sola a lungu, sai tabarmar da muke salla a kai. A tsarin aikin, Farfesa ne a sama, wato mai duba karatun Anti, wanda ban taɓa gani ba sai dai muryarsa a waya. Sai Anti, mai binciken. Sai ni a ƙasa, mai shigar da bayanai.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani, yadda aka yi mini. Anti tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro ne a cikin itatuwan da mutanenmu suka saba sha. Ta bi masu magani a cikin gari da ƙauyuka da rugage, suka nuna mata abin da suke bayarwa, irin su sabara da marke da maɗaci da wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Ta kai su jami'a aka tabbatar da kowane itace, sannan ta tattaro takardun masana da suka riga suka gano sinadaran da ke cikin kowanne.

Kowane sinadari yana da ginin jikinsa. Ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suka kama juna, wasu a jere kamar carbi, wasu a zagaye kamar zobe, wasu da rassa. Masana suna da hanyar rubuta wannan gini a layi ɗaya da baƙaƙe da lambobi. Aikina shi ne in kwafo layin daga takarda in shigar, hoton sinadarin ya fito a fuskar kwamfuta, in gwada shi da na takardar in ga sun zo ɗaya. Harafi ɗaya in ya kuskure, wani sinadari daban ka shigar.

Daga nan sai manhajar ta bi jikin sinadarin gaɓa-gaɓa tana dubawa. Akwai zobe iri kaza? Akwai reshe kaza maƙale da kaza? In akwai ta sa ɗaya, in babu ta sa sifili. Wannan dogon jerin ɗaya da sifili shi ake kira zanen yatsan sinadari. Sai a ɗauko zanen yatsan maganin asibiti wanda aka riga aka san yana kashe ƙwayar cutar, a jera su biyun. Manhaja ta ƙirga guraben da suka yi tarayya, ta auna da duka guraben da ke cike, ta ba da maki cikin ɗari. Mai maki da yawa ya yi kama da maganin asibiti ke nan.

Anti takan ce, "Adama, kar ki ruɗe. Kama kawai injin nan yake gani. Ba ya warkar da kowa, bai kuma san wanda zai warkar ba. Yana taya mu zaɓen wanda za a fara kaiwa gwaji na gaskiya ne kawai."

Gwajin na gaskiya a ɗakin binciken jami'a ake yi, inda ake zuba ruwan maganin a kan ƙwayar cutar a ga ko za ta mutu. Su kuma sun ce itace biyar kawai za su iya karɓa daga wurinmu. Saboda haka tun kafin mu auna ko sinadari ɗaya, Anti da Farfesa suka tsayar da abu biyu: irin zanen yatsan da za a yi aiki da shi, da kuma makin da za a tsallake, wato sittin. Itacen da ko sinadari ɗaya a cikinsa ya kai makin, ya tsallake ke nan. Na tambaye ta me ya sa ba za a bari sai an ga sakamako ba. Ta ce a wannan sana'a ana ja layi ne tun ba a san wanda zai tsaya a bayansa ba, don in ka riga ka gani, zuciyarka ce za ta ja maka shi.

Na ce to. A lokacin ban ga abin wahala a ciki ba.

Ya Amsa ita ce mahaifiyar Anti. Tsohuwa ce doguwa, asalinsu Borno, ungozoma ce da rabin matan Dogo Nini suka haihu a hannunta. Kafin ka gan ta ƙamshin turaren wutar da ke jikin lafayarta ya riga ya shigo. Tana da wata saiwa da ta gada wurin kakarta, wadda take jiƙa wa masu jego da yara in zazzaɓi ya kama su. Ba zan rubuta sunan itacen ba, don ita kanta ba ta son a yi ta yawo da shi. Wannan saiwar ce ta sa Anti ta karanci haɗa magunguna tun farko. Ta taɓa gaya mini cewa tana ƙarama ta ji wani ma'aikacin asibiti ya ce wa uwarta ta daina ba mutane ruwan datti, ranar da suka iso gida Ya Amsa ko abinci ba ta ci ba.

Kullum bayan la'asar Ya Amsa takan shigo ɗakinmu ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa. Ni nake ce mata Kaka, ita kuma ta ce mini ƙawata. Hausarta irin ta mutanen Borno ce, mai daɗin saurare.

"Wushe, ƙawata. Me injinku ya ce yau?"

"Kaka, bai zo kan naki ba tukuna."

"Wannan inji naku malalaci ne. Kafin ya gama tunani ni na karɓi haihuwa biyu na yi wa jarirai wanka."

"Ai shi ba ya shan shayi, Kaka, shi ya sa ba shi da ƙarfi."

"Ku ba shi mana. Rowa ce ta yi muku yawa, ke da uwar ɗakinki."

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Anti ta aiko mini da ƙwayoyi, Ya Amsa ta hau Keke ta zo har gidanmu da jiƙonta a gora. Na sha duka biyun don kar in ɓata wa kowa. Da na warke na dawo, sai gardama ta tashi a kaina. Anti ta ce ƙwayarta ce, Ya Amsa ta ce ƙwayar dai ta samu an riga an share mata hanya. Suka juyo wurina in raba gardama. Na ce Allah ne ya ba ni lafiya. Ya Amsa ta ce, "Ji munafuka, ta gudu wurin da ba a iya binta."

Saiwar Ya Amsa ita ce ta ƙarshe da muka auna. Anti ta ce takardun sinadaranta ne suka yi wuyar samu, kuma gaskiya ne. Amma na lura ko bayan sun samu, sun daɗe a cikin jakarta ba ta fito da su ba.

Ranar ta faɗo wajen ƙarshen damina, ranar kasuwar shanu, manyan motoci sun cika hanya har sai da mai Keke ya zaga da ni ta lungu. Lokacin zazzaɓi ne, gaban kemis cike da mata da yara a goye. Ina shiga Anti ta ajiye mini takardun a tebur.

"Yau na Ya ne," ta ce. "Na gaya mata da safe."

Na yi bisimilla na fara. Ban taɓa shigar da rubutu a hankali kamar ranar ba. Kowane layi sai na karanta shi gaba da baya. Da na gama na haɗa su da sauran duka, na danna. Manhajar ta ɗan yi aikinta, sakamako ya fito a jere, mai maki mafi yawa a sama.

Itatuwa biyar sun tsallake sittin, na biyar ɗin da ƙyar. Na gangara da ido. Sinadarin da ya fi kowanne maki a cikin saiwar Ya Amsa ya tsaya a hamsin da huɗu.

Anti tana tsaye a bayana, hannunta a kan kujerata. Na ji kujerar ta ɗan motsa.

"Sake duba rubutun," ta ce.

Na duba, ita ma ta duba. Babu kuskure. Wallahi ranar na so a ce na yi kuskure. Sai aka kira ta daga gaba, wata mata na neman maganin yaro. Ta gyara mayafinta ta fita.

Na yi sallar azahar ni kaɗai, na roƙi Allah a sujada ya kawo mafita. Ina naɗe sallaya sai na tuna cewa a cikin manhajar akwai wurin zaɓen irin zanen yatsa, ba iri ɗaya ba ne. Mu da mai tsananin bin diddigi muke aiki, amma akwai wani a ƙasansa da ba mu taɓa taɓawa ba. Na zauna na zaɓe shi, na auna saiwar Ya Amsa ita kaɗai. Tamanin da uku.

Ban san lokacin da na isa gaban kemis ba. "Anti, zo ki gani, ta haye."

Ta sallami wanda ke gabanta ta biyo ni. Ta daɗe tana kallon lambar. Na ga fuskarta ta yi haske, irin na wanda aka yi wa albishir, kafin ta haɗiye shi.

"Me kika canza?"

Na nuna mata.

"Ba laifi, kin yi tunani. To yanzu ki yi wa sauran duka irin wannan awon."

Na yi. Fuskar kwamfuta ta cika da masu tsallake sittin, ina gangarawa ba su ƙare ba. Makin Ya Amsa ya ƙaru, amma na kowa ma ya ƙaru, har da sinadaran da da can ko ashirin ba su kai ba. Saiwar ta koma tsakiyar taro, da dama a gabanta.

"Kin gani?" in ji Anti. "Wannan awon tambayoyinsa kaɗan ne, kuma masu sauƙi. Kamar a ce duk mai ido biyu da hanci ɗaya ɗan gidanku ne."

Na mayar da awon yadda yake. Hamsin da huɗu ta dawo ta zauna.

"Anti," na ce, "shida ne fa kawai ya rage. In aka ce layin hamsin ne, wa zai sani?"

"In aka ce hamsin, wasu da yawa za su shigo tare da ita, gurbi kuma biyar ne." Ta dube ni ta ɗan yi murmushi. "Kuma ke da kike tashina salla kullum, ke ce mai tambayar wa zai sani?"

Kunya ta kama ni. Amma ita ma ba ta haƙura ba. Ta ɗauki waya ta kira Farfesa, ta buɗe murya ta ajiye a tebur. Bayan gaisuwa ta faɗa masa sakamakon, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ko za a iya ƙara gurbi ɗaya?"

"Falmata, kayan gwajin da muke da su iyakarsu ke nan. Da da hali da na ba ki." Sai ya ce, "Na mahaifiyarki ne, ko?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To saurara. Aikinki ne. In kina so ki cire na biyar ki sa nata, ba zan hana ki ba. Amma za ki rubuta dalilin a cikin kundinki, inda duk mai karatu zai gani."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ta kashe wayar ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. Ban taɓa ganin Anti zaune haka a lokacin aiki ba.

"Me zan rubuta, Adama? Saboda ita ta haife ni?"

Na ce ko za mu ce wa Kaka injin bai gama ba, mu ɗan ja lokaci. Ta girgiza kai. Ta ce Ya ta fi ƙarfin a yi mata haka, kuma ranar da za a aika kayan ai za ta gani.

Bayan la'asar ƙamshin turare ya shigo. Ya Amsa ta sa sabuwar lafaya mai ruwan ganye, wadda na san ta ajiye ta ne don biki. Ta zo da dafaffiyar gyaɗa a ƙwarya. Anti tana gaba, mutane sun tare ta. Tsohuwa ta zauna ta miƙe ƙafa ta turo mini ƙwaryar.

"To, ƙawata, yau dai malalacin ya yi magana. Me ya ce?"

Na sunkuyar da kai. "Kaka, Anti za ta faɗa miki."

"Ke na tambaya."

Ba zan iya yi mata ƙarya ba, gaskiyar kuma ta ƙi fitowa. Allah ya taimake ni Anti ta shigo. Ta cire takalmi ta durƙusa a gaban uwarta a kan tabarmar, ta fara magana da Kanuri.

Ni ban iya Kanuri ba sai gaisuwa, saboda haka abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Anti ta yi magana a hankali, ta daɗe. Sannan ta ja layi da yatsa a kan tabarma, ta ɗebo gyaɗa daga ƙwarya ta jera biyar a gaban layin. Ta ɗauki ɗaya ta ajiye a bayansa, dab da shi. Ya Amsa ta dubi gyaɗar. Ta sa ɗan yatsanta mai baƙin lalle ta tura ta ta haye layin, ta ɗago ta dubi 'yarta. Anti ta ɗauki gyaɗar ta mayar inda take. Tsohuwa ta sake turawa, wannan karon tana ɗan murmushi, kamar mai roƙon alfarma wurin babba. Hawaye suka zubo wa Anti. Ta sa hannu biyu ta ɗauki gyaɗar ta mayar bayan layi, ta bar hannunta a kai.

Ya Amsa ba ta sake turawa ba.

Can ta juyo wurina ta koma Hausa.

"Ƙawata, injin ya ce maganina ƙarya ne?"

"A'a Kaka, wallahi bai ce haka ba. Cewa ya yi bai yi kama da na asibiti sosai ba. Shi iyakar abin da ya sani ke nan."

"Amma ba za a kai shi ba."

"Ba za a kai shi ba wannan karon," in ji Anti.

"Wannan karon." Tsohuwa ta juya tafin hannunta tana kallo. "Ku yara kuna da karo da yawa."

Sai ta nuna gyaɗa biyar ɗin da haɓa. "Waɗannan na su wa ne?"

Anti ta lissafa mata mutanen da suka nuna itatuwan. Da ta zo kan na biyar ta ce na Inna Kande ce, wata ungozoma ta Yindiski.

"Kande? Wadda ko ɗaurin cibiya sai na sake mata?"

Dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye. Ita ma ta ɗan yi, gajeriya. Sannan ta ce wa Anti, da sunan da ita kaɗai ke kiranta da shi, "Fanna, gobe ki je ki gaya mata. Da ƙafarki za ki je, kar ki aika. Ba ta da ɗa mai ilimi, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata an duba nata."

Ta ɗauki gyaɗar da ke bayan layi ta ɓare ta ci. Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara sabuwar lafayarta, ta ce za ta leƙa wata mai jego kafin rana ta faɗi. Anti ta ce bari ta tsayar mata da Keke. Ta ce a'a, ƙafarta lafiya lau.

Washegari Anti ta je Yindiski kamar yadda aka umarce ta. Muka shiga shirya itatuwa biyar ɗin, ana shanyawa a inuwa, ana dakawa, ana zubawa a kwalabe ana liƙa suna. Ya Amsa ba ta daina zuwa ba. Har ta nuna mana yadda ake juya ɓawo a shanya don kar ya yi fumfuna. Ranar da za a kai kwalin tasha ta ɗora hannu a kai ta yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Ba ta yi fushi da kowa ba, ba ta daina tsokanata ba. Amma ta koma zama a benci a gaban kemis, ba ta ƙara shiga ɗakin baya ba, kuma daga ranar ban sake jin ta ce me injinku ya ce ba. Sau da yawa in la'asar ta yi nakan bar ƙofa a buɗe, ina jin muryarta tana hira da masu sayen magani, ina jira.

Ban kai ga ganin ƙarshen binciken ba. Bayan sallar layya aka ɗaura mini aure, na bar aiki. Na ji dai cewa a cikin biyar ɗin wasu sun nuna alama, wasu ba su nuna komai ba, kamar yadda aka saba a wannan aiki. Anti ta gama karatunta, jami'ar ta riƙe ta, ta bar kemis ɗin a hannun wani ɗan'uwansu. Ya Amsa ta ƙi binta, ta ce matan Dogo Nini ba su daina haihuwa ba. Ita ta karɓi haihuwata ta fari. Ina da cikin na biyu Allah ya yi mata rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta.

Ƙannena da za ku shiga irin wannan aiki, ga abin da na ɗauka. Kwamfuta za ta ba ku lamba, kuma kusan kullum akwai wani maɓalli a kusa da zai ba ku lambar da ranku yake so. Babu mai tsaye a kanku. Ku tsayar da ma'auninku tun kafin ku ga sakamako, kuma abin da kuka auna ɗaya da shi ku auna kowa da shi. Ku kuma tuna cewa rashin kama ba hukunci ba ne, don abu yana iya zama mai amfani bai yi kama da komai ba. Da can ina zaton masu wannan sana'a zuciyarsu ta bushe, lamba kawai suka sani. Na ga wadda ta bi ƙa'ida tana kuka, ban kuma taɓa ganin ta fi son uwarta kamar a wannan lokacin ba.

Ina kewar ɗakin nan. Ina kewar zafinsa ma. Wani lokaci in hanya ta bi da ni Dogo Nini nakan ce wa mai Keke ya rage gudu a gaban kemis ɗin. An mayar da ɗakin baya wurin ajiye kwalaye.

Watannin baya Anti ta kira ni. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce yanzu ta fara wani sabon bincike, na itatuwan da sinadaransu ba su yi kama da magungunan da ake da su ba, saboda ƙwayar cutar tana sabawa da tsofaffin, ana bukatar baƙin da ba ta sani ba. Ta ce sun tsayar da ƙa'ida tun farko kamar yadda aka saba, suka auna, saiwar Ya ta shiga da ƙafarta.

"Yanzu ina da dalilin da zan rubuta," ta ce.

"Alhamdu lillahi. Anti, me ya fito?"

"Ba a gama ba. Zai iya yin aiki, zai iya ƙi." Sannan ta ce, "Adama, ko me ya fito, wa zan je in durƙusa in faɗa wa?"

Ina tsaye a bakin murhu, miya tana tafasa, ƙaramin yana jan zanina. Na ce, "Ki faɗa mini, Anti. Ni ce ƙawarta."

Ta ce to. Ba ta kira ba tukuna. Ko wanka zan shiga, sai na ce wa babbar 'yata ta riƙe wayar, in ta ga sunan Anti ta buga mini ƙofa.